Gargaɗi ga masu motar lantarki: na'urar "hana batir zuƙewa a sanyi" damfara ce

Jama'a, wannan saƙo na 'yan uwanmu ne da ke Kanada, arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu tsananin sanyi, musamman masu shirin zuwa gida hutun ƙarshen shekara su bar mota a ajiye mako biyu ko uku. A daidai wannan lokaci ne masu tallar wata 'yar na'ura ke yawaita a Facebook da zaurukan WhatsApp. Wai ka soka ta a kafar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, wato kafar da makanikai ke jona kwamfutar binciken mota, ka tafi, ka dawo ka tarar da caji yadda ka bar shi. Wasu suna haɗawa da wani bargon lantarki da ake jonawa a soket ɗin kunna sigari, wai yana ɗumama batir. Mafi haɗari su ne masu cewa za su "gyara saitin batir daga nesa" idan ka ba su imel da kalmar sirrin manhajar motarka. Kada ku saya, kada ku ba su komai.

Abin da suke cin kasuwa da shi gaskiya ne: caji yana raguwa idan mota ta kwana kwanaki a sanyi. A watan Janairun 2024 an ga motocin Tesla da dama sun maƙale a tashoshin caji a yankin Chicago, kuma hotunan wancan lokaci ne ake ta yaɗawa don a tsorata mutane. Amma raguwar tana da dalilai sanannu, kuma babu wanda 'yar na'urar nan ke taɓawa.

Motar lantarki batir biyu gare ta. Akwai babban da ke ƙarƙashin mota, mai ƙarfin bolt 400 a yawancinsu, 800 a irin su Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6. Akwai kuma ƙaramin, mai bolt 12, wanda ke riƙe da kwamfutocin mota da makullan ƙofa, shi ne kuma ke jona babban idan za a tayar. Idan sanyi ya kama babban batir, sinadaran cikinsa suna yin nauyi, sai kwamfutar da ke kula da shi ta ɓoye wani kaso na wutar don ba za a iya fitar da shi lafiya ba. A Tesla za ka ga alamar ƙanƙara shuɗiya kusa da kason caji. Wannan wuta ba ta ɓata ba, tana dawowa da zarar batir ya ɗumama. Asara ta gaskiya tana zuwa ne daga abubuwan da ke hana motar barci, da kuma injin ɗumama batir da wasu motoci ke kunnawa da kansu idan sanyi ya yi tsanani.

A kan wancan kaso da ake ɓoyewa suke gina bidiyon tallarsu. Za a nuna allon mota da asuba cikin sanyi, a ce ga caji 62. A soka na'ura, a ɗan zagaya gari ko a shigar da motar gareji mai ɗumi, sannan a nuna tazarar tafiya ta ƙaru ko kason ya haura. Da na'ura da babu na'ura, haka motar za ta yi. Dabara ta biyu ta fi wannan wayo: a takardar da ke zuwa da kayan sukan rubuta cewa domin na'urar ta yi aiki, sai ka kashe kyamarorin tsaro, ka kuma daina buɗe manhaja. Mai saye ya bi umarni, ya dawo ya tarar caji bai ragu sosai ba, sai ya shiga zaure yana yabon kaya da zuciya ɗaya. Alhali kashe kyamarorin ne ya yi aikin, kuma wannan kyauta ne.

Ku duba lissafin. Littafin Tesla da kansa ya ce a yi tsammanin raguwar kusan kashi 1 cikin ɗari a kowace rana idan mota na ajiye ba a jone ba, wato kusan kashi 21 a mako uku. Sentry Mode kuwa, wato tsarin kyamarorin tsaro na Tesla, yana barin kwamfuta da kyamarori a kunne dare da rana. Idan muka ɗauka yana jan wat 250, a awa 24 ya sha kilowat-awa 6, wanda shi ne kashi 10 na batir mai kilowat-awa 60. Motar da aka bari a 80 za ta sauko 20 cikin kwana shida, inda tsarin ke kashe kansa. Daga nan sauran mako biyun a kan ɗan abin da ya rage za ta yi su, cikin sanyi.

Ita kafar OBD fil 16 gare ta. Fil na 16 yana ɗauke da wutar ƙaramin batir kullum, ko mota na kashe. Na 4 da na 5 su ne ƙasa, wato hanyar komawar wuta, na 6 da na 14 su ne layin da kwamfutocin mota ke magana a kai. Babu wata waya daga wannan kafa zuwa ƙwayoyin babban batir, kuma kwamfutar batir ba ta karɓar umarnin sauya saiti daga duk abin da aka soka. Irin waɗannan na'urori, idan aka fasa su, abin da aka saba samu ɗan allo ne da fitilu masu ƙyaftawa da maɓalli, su ne dai waɗanda aka daɗe ana sayar wa masu motar fetur da sunan rage shan mai. To mafi sauƙin sharrinta shi ne ta zauna tana tsotsar ƙaramin batir. Ko da miliamfiya 50 kawai take ja, a kwana 21 ta sha sama da amfiya-awa 25, fiye da rabin batir mai amfiya-awa 45. Motar za ta riƙa farkawa tana cika shi daga babban batir, kuma kowace farkawa asara ce. Idan kuma na'urar tana aika saƙo a layin kwamfutoci, tana iya hana motar barci gaba ɗaya. Ƙaramin batir irin na dalma idan ya zuƙe yana iya daskarewa a sanyin da cikakke zai jure. Ranar da ka sauka daga jirgi da iyali da kaya, ƙofa ba za ta buɗu ba, ko da babban batir na da kashi 50.

Maganar bargo ba ta buƙatar dogon bayani. Babban batir yana kai kilo 300 zuwa 500. Kafin a ɗaga zafin kilo 400 da digiri 10 ana buƙatar kimanin kilowat-awa ɗaya, ban da zafin da iska ke kwashewa ta ƙarƙashin mota. Soket ɗin sigari wat 120 zuwa 180 yake bayarwa kafin fis ya ƙone, kuma ƙaramin batir gaba ɗayansa kusan rabin kilowat-awa ne kawai. Tamkar a ce za a dafa tukunyar biki da ashana ne. Ga shi batirin a rufe yake cikin akwatin ƙarfe, bargon da aka shimfiɗa a ƙasan kujera bai isa gare shi ba.

Masu neman kalmar sirri su ne suka fi tayar mana da hankali. Wanda ya shiga asusunka yana ganin inda motar take, yana iya buɗe ta, a wasu motocin ma yana iya ba da izinin tuƙi. Ya kuma san ba ka gari, tunda kai ka faɗa masa ranar tafiya da ta dawowa. Babu kamfanin mota da ke neman kalmar sirrinka ta WhatsApp. Ku lura da yadda suke karɓar kuɗi: Interac e-Transfer, Zelle, ko PayPal ta hanyar 'yan uwa da abokai, hanyoyin da ba su da kariyar mai saye. Ba adireshin shago, ba rasit, shafin bai daɗe da buɗewa ba, kuma kullum "saura guda biyar". Idan ka tambayi wane aiki na'urar ke yi a kan wane fil, sai a ce sirrin kamfani ne.

Abin da ke aiki ba ya cin ko sisi. Idan akwai soket, a bar motar a jone, a saita iyakar caji tsakanin 50 da 70. Ko soket ɗin gida na Amurka da Kanada, bolt 120 da amfiya 12, yana ba da kusan kilowat 1.4, ya isa ya riƙe motar da ke ajiye. A kula da soket ɗin wuraren ajiye motoci da aka yi don ɗumama injin fetur, domin da yawansu suna kawowa suna ɗaukewa, wasu ma ba a yarda a yi caji da su ba. A tambayi mai wurin tukuna. Idan babu soket, a shiga wurin ajiya da caji 80 ko kusa, a lissafa kashi 1 a rana, a ƙara abin da zai kai mutum tashar caji da hita a kunne. A kashe Sentry Mode ko makamancinsa, a soke jadawalin ɗumama mota da safe, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi har motar ta yi ta ɗumama kanta kullum babu kowa. A cire duk abin da ke kafar OBD, har da kyamarar gaban gilashi idan tana aiki a ajiye. A daina leƙa manhaja daga Kano ko Damagaram sau biyar a rana, kowace leƙawa tana iya tashe ta. Sau ɗaya a mako ya wadatar.

Wurin ajiya ma yana da tasiri. Nissan ta yi gargaɗin kada a bar Leaf a sanyin da ya wuce digiri 25 ƙasa da sifili fiye da kwana bakwai, Tesla kuma ta ce kada a bar motarta a ƙasa da digiri 30 ƙasa da sifili fiye da awa 24. Wanda ke Winnipeg ko Edmonton a Kanada, inda sanyi ke kai haka, ya nemi gareji na ƙarƙashin ƙasa ko da ya fi tsada. Kafin tafiya a auna ƙaramin batir da mita bayan motar ta huta: na dalma mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6, idan yana 12.2 ko ƙasa, kuma ya haura shekara uku, a canza shi. A koyi inda makullin hannu yake shiga da inda ake jona batirin taimako, yana cikin littafin motar.

Idan an kashe komai amma caji na zubewa kashi 3 ko 4 a rana, wannan aikin dila ne. Yawancin kamfanoni suna ba babban batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. A 2024 Hyundai da Kia sun kira motoci da yawa a dawo da su don gyara saboda matsalar na'urar ICCU da ke cika ƙaramin batir, kuma gyaran kyauta ne. A sa lambar VIN, wato lambar shaidar mota mai harufa da lambobi 17, a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ko na kamfanin motar a ga ko motar tana cikin waɗanda aka kira.

Wanda ya riga ya saya ya zare na'urar yau, ya kulle motar, ya bar ta ta kwana, ya kwatanta kason caji da na daren jiya a yanayin sanyi kusan iri ɗaya. Wanda ya ba da kalmar sirri ya canza ta nan take daga wayarsa, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya shiga asusun ya soke izinin duk manhajar da bai sani ba, ya goge duk makullin waya da ba nasa ba daga allon motar, mai Tesla kuma ya kunna PIN to Drive, wato lambar sirri da ake sawa kafin a tuƙa. Idan da katin kiredit aka biya, a kira banki a nemi a dawo da kuɗin. A ɗauki hoton tallar da hirar da shaidar biya kafin su goge shafin, a kai rahoto ga cibiyar yaƙi da damfara ta Canadian Anti-Fraud Centre a Kanada ko hukumar kare masu saye ta FTC a Amurka, a kuma sanar da masu kula da zauren da aka ga tallar don su cire ta kafin wani ɗan uwa ya tura nasa kuɗin.