Fasto mai zagaye ko mai bishara mazauni?

A ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi, ƙananan majami'u na ɗariƙar Kirista ta ECWA sukan tsaya tsakanin zaɓi biyu: su haɗa kai su riƙe fasto ɗaya mai zagaya su, ko kowace ta zaunar da mai bishara nata, wato mai wa'azin da bai kai matsayin fasto ba.

Fasto mai zagaye ya fi sauƙin riƙo, domin baikon da ƙauyuka da yawa ke bayarwa a majami'a ke ciyar da shi. Idan naɗaɗɗe ne, shi ke yin baftisma, ya ba da Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu), ya ɗaura aure. Amma da damina ta kankama, rafi ya cika, babur ya kasa ƙetarewa, sai dattawa su yi ta jan sujada har a manta kamanninsa.

Mai bishara kuwa ɗan gida ne. Yana noma gonar da ikkilisiya ta ba shi, ya yi addu'ar asuba da mutane kafin su fita aiki, ya zauna gefe ranar taron Zumuntar Mata, ya koya wa yara karatun Hausa da yamma. In rashin lafiya ta taso da tsakar dare, ƙofarsa ake bugawa. Rauninsa aljihu: abin hannunsa sai kaka, lokacin da ake kawo dammunan dawa na godiya, kuma in shekara ta ƙi, tare za a sha wuya.

Ni dai na fi karkata ga mazaunin, muddin faston zai riƙa leƙowa saboda Jibi da aure.