Tayar da tsohuwar Fijo 504: me za ka saya wa birki, ƙafa da salansa?

Wanda ya jawo tsohuwar Fijo 504 daga inda ta shekara tana shan ƙura da niyyar ya tayar da ita, yawanci fenti da salansa ne ke fara cinye masa kuɗi, domin su ne mutane ke gani su kuma ji. Da za a bi tawa, birki ne farko, sai ƙafa, salansa ta jira abin da ya rage a aljihu. Kuma ko a wurin saye, ban cika goyon bayan a mayar da motar abin da ba ita ba. Abin da ya ɗaukaka 504 shi ne doguwar ƙafa mai laushi da ke shanye gargada. Da shi ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, da shi kuma ta mamaye tashoshinmu tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a wannan shekarar. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Duk kayan da zai kashe wannan laushin, ko nawa ka saye shi, baya ka ci.

Kafin ka taka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, leƙa ƙarƙashin motarka tukuna, don 504 ba iri ɗaya ba ce. Gaba dai duk tafiyarsu ɗaya: sifirin a naɗe a jikin shokzoba, da birkin faifai. A baya ne suka rabu. Akwai salun da kowace tayar baya ke motsi da kanta, wadda asalinta faifai ne a duk ƙafafu huɗu. Akwai salun mai aksul guda a sandare da birkin ganga. Wagon tana da aksul guda da sifirin naɗaɗɗu biyu a kowane gefe, a-kori-kura kuma sifirin faranti gare ta. Ƙari a kan haka, motar da ta kai shekara talatin zuwa arba'in ta bi hannun makanikai da yawa, ba mamaki a samu ƙafar wata a jikin wata. Saboda haka kada ka je kasuwa da sunan mota kawai. Cire tsohon kayan ka tafi da shi a leda, a aza shi kusa da sabon a gabanka.

A birki, tambayar da aka fi yi ita ce ko a sa babban faifai, ko a cire gangar baya a mayar da ita faifai. Amsata ga yawancin mutane a'a ce. Idan ka taka birki nauyin mota gaba yake zubawa, ƙafafun gaba ne ke yin kaso mafi tsoka na aikin. Gangar baya da aka saita daidai, da sabon lainin (abin da ke goga cikin gangar), da silinda marar yoyo, ta ishi injin lita 1.8 ko 2.0. Wanda ya ce birkin 504 ba ya kamawa, sau da yawa bai taɓa tuƙa wadda birkinta ke da lafiya ba ne. Fiston ɗin kalifa (abin da ke matse faifan birki) ya ci tsatsa ya maƙale, robar cikin masta (babbar silindar da feda ke turawa) ta saki, tiyon roba ya tsufa yana kumbura duk lokacin da aka taka, man birki kuma ya yi baƙi.

Kan man birkin nan ya kamata a tsaya. Yana tsotsar danshi daga iska, idan ya sha ruwa kuma sai ya riƙa tafasa da wuri. Mafi ƙarancin zafin da aka ƙayyade wa sabon man birki samfurin DOT 3 kafin ya tafasa shi ne digiri 205 a ma'aunin Salsiyos, DOT 4 kuma 230. Da zarar sun jiƙa, sai su sauko 140 da 155. Wannan ne dalilin da mota mai lodi ke gangaro tudu mai tsawo, direba ya taka ya ji feda ta tafi ƙasa fanko. Sayi DOT 4 a rufaffiyar gwangwani, a zubar da tsohon gaba ɗaya, a maimaita duk shekara biyu. DOT 5.1 yana haɗuwa da su, amma DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da sauran. Kada kuma kowa ya ba ka koren man LHM na tsofaffin Citroën don ya ga duk motocin Faransa ne, domin zai kumbura robobin birkinka ya lalata su.

Ga yadda nake raba sabo da na Beljiyam a nan. Duk abin da roba ce ko abin da ke cinyewa, sabo: fad (abin da ke goga faifai), lainin, tiyo, robobin gyaran kalifa, silindar baya, masta. Abin da ƙarfe ne zalla, irin gangar jikin kalifa ko busta (mai ƙara wa feda ƙarfi), na hannu mai kyau ya fi sabo marar asali. An sa wa 504 kalifa fiye da iri ɗaya, akwai Girling akwai Bendix, fad ɗinsu kuma ba ya shiga na juna. Faifai kuwa a auna kaurinsa. Akan buga mafi ƙarancin kaurin a jikinsa, idan ya kai nan a jefar, kada a kai wa mai injin kankare ƙarfe ya ƙara sirantar da shi. Shi kuma fad, sunaye irin su Ferodo, Textar da Bendix sanannu ne, shi ya sa masu jabu suka fi son kwalayensu. Duba jikin fad ɗin, ba kwalin ba: na ƙwarai yana da lamba a bayansa, fentinsa a shafe daidai, inda aka manna shi da ƙarfe babu tsaga. Idan an faɗa maka kuɗin da bai kai rabin na shagon kusa ba, ka tuna araha ba ta ado. Fad ɗin tsere kuma ba naka ba ne, sai ya ɗau zafi yake kamawa, da sanyin safiya cikin gari sai ka ji kamar katako.

Idan lallai sai ka ƙara wa birkin ƙarfi, abin da ya fi hankali shi ne tiyo mai saƙar waya a maimakon na roba, ko kayan gaba na 505, tunda ƙanwarta ce kuma ƙirar ƙafarsu ta yi kusa. Wannan na biyun aikin makaniken da ya ƙware a Fijo ne, wanda zai tabbatar kalifar ta zauna cikin wili mai inci 14 ba ta goga ba.

Ƙafa ita ce inda aka fi tafka ɓarna, kuma ɓarnar daga rashin fahimta ɗaya take farawa: mutane na ɗauka shokzoba ce ke ɗaukar nauyin mota. Sifirin ne ke ɗauka. Aikin shokzoba ta hana shi ci gaba da lilo. Don haka idan bayan motarka ya zauna, sabuwar shokzoba ba za ta ɗaga shi ba, sifirin ne ya gaji. Idan kuma tsayinta daidai ne amma tana ta rausaya bayan ta wuce rami, to shokzoba ce.

Zaɓin shokzoba uku ne. Akwai mai mai zalla, wadda ita ce ta fi kusa da yadda motar ta fito, ta fi laushi, ta fi sauƙin kuɗi. Aibinta, a doguwar hanya mai gargada man cikinta kan yi zafi ya yi kumfa, riƙonta ya ragu. Akwai mai bututu biyu da aka ɗura wa iskar naitirojin kaɗan don hana kumfar, irin su KYB Excel-G. Sai mai bututu ɗaya da iska mai matsi sosai, wadda Bilstein ta yi suna a kanta. Ta fi fitar da zafi, ta fi tsada, ta fi tauri, kuma idan dutse ya lotsa jikinta ta tashi aiki, tunda a cikin wannan bututun fiston ke tafiya. Ga motar yawon gari da zuwa ɗaurin aure, ta farko ko ta biyu. Ga wagon da za ta riƙa Kano zuwa Maiduguri da kaya, ta biyu. Ta uku kuwa wuyar samu ga 504 ma ta isa ta sa ka haƙura.

Akwai wani abin da sababbin makanikai ba su cika sani ba. Peugeot da kanta take ƙera shokzobarta a wancan zamani, kuma ta gaban 504 ana kwance ta a gyara: a sauya roba, a zuba sabon mai. Idan sandar cikinta ba ta ci tsatsa ba, ba ta kuma lanƙwashe ba, tsohon makaniken Fijo zai iya dawo maka da ita. Idan ta lalace, sai a zura sabuwa irin wadda ake sakawa cikin gidan tsohuwar. Shokzobar Beljiyam ita ce ba na ba da shawara a kai. An wanke ta an fesa mata baƙin fenti, ba ka san kilomita nawa ta ci ba, kuma matsa ta da hannu a bakin shago ba ya nuna yadda za ta yi idan ta ɗau zafi. Kowace ka zaɓa, bibbiyu ake sauyawa, hagu da dama.

A sifirin ne na hannu ke da amfani, muddin ka haɗa biyu masu tsawo ɗaya, kaurin waya ɗaya, adadin naɗi ɗaya, babu tsatsar da ta ci rami. Kada ka yarda a yanke sifirin don mota ta kwanta, kada a gasa shi da wutar walda. Yankewa na ƙara masa tauri ya kuma rage tazarar da ƙafa ke da ita kafin ta buga, wuta kuma na kashe ƙarfin ƙarfen. Motar da ta kwanta a titinmu, kaskon man injinta ne zai fara gaisawa da tudun rage gudu. Masu ɗaga baya da sifirin wata babbar mota su ma su yi hattara. A ƙarƙashin 504 akwai wani bawul da ke rage ƙarfin birkin baya gwargwadon yadda bayan ya ɗaga ko ya zauna. Ka canza tsayin motar ba ka sake saita shi ba, ka taɓa birkinka ba ka sani ba. Wasu makanikan ma cire shi suke yi su haɗa bututun kai tsaye, daga nan tayoyin baya su riƙa kullewa kafin na gaba, wanda a jiƙaƙƙen titi shi ke juya mota.

Bushin kuma, wato matashin da ke tsakanin ƙarafan ƙafa, na roba ko na foliyuritan mai launi? Na biyun ya fi daɗewa, mai da zafi ba sa cin sa da wuri, amma yana kawo girgizar hanya cikin mota, ga ƙugi idan ƙurar hunturu ta shanye man da aka shafa masa. Ni zan sa shi a sandar hana tangaɗi kawai, sauran wuraren roba mai kyau. Ka tsaya a kan makanike ya ƙarasa ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta. Idan aka ɗaure su tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi rai ba. A sauya boljoyin da tayarod a lokaci guda, a wuce wurin alaimen kafin a sa sababbin tayoyi.

Tunda an zo taya: ramukan wilin 504 huɗu ne a kan da'irar milimita 140, ma'aunin da kusan babu motar zamani da ke amfani da shi. Wilin gayu ba zai shiga ba sai an huda ko an sa faranti a tsakani, ni kuwa ba zan rataya rayukan iyalina a kan hujin mai walda ba. Wilinta na asali da taya mai kaurin gefe wani ɓangare ne na laushin motar.

Salansa ba ta buƙatar dogon bayani. Injin 504 mai kafireto bai kai doki ɗari ba, bututun da ke tsakanin milimita 45 zuwa 50 ya ishe shi. Ka sa wanda ya fi haka faɗi, hayaƙi zai rasa saurin fita, motar ta yi sanyin tashi, ka samu ƙara ba ka samu gudu ba. Tukunya mai ɗakuna a ciki ta fi shiru, mai miƙaƙƙen rami ta fi ruri, kuma rurin da ke da daɗi a ƙofar gareji yakan zama ciwon kai kafin ka isa Zariya. Wajen ƙarfe, baƙin ƙarfe ne mafi araha, a bushewar Arewa kuma yana jimawa fiye da yadda zai yi a Legas ko Fatakwal. Abin da ke cin sa shi ne gajerun tafiye-tafiye, inda ruwa ke taruwa a tukunya bai samu zafin ƙonewa ba. Mai rufin alminiyam shi ne tsaka-tsaki, shi zan saya. Silba marar tsatsa, lamba 409 ko 304, sai ga wanda ya san zai riƙe motar shekaru masu yawa, kuma ya sami mai walda da ke da sandar da ta dace da ita.

Ka kula da lanƙwasa: bututun da aka matse a kwana har ya tsuke ya cinye duk faɗin da ka biya. Manifol ɗin zubi idan ya tsage, walda ba ta cika riƙe shi ba, gara ka nemo na hannu marar tsaga da sabon gasket. A rataye salansar da robobinta, kada a like ta da jikin mota. Bakin bututun kuma ya leƙo waje da bamba, musamman a wagon, domin iskar da ke biyo bayan mota na turo hayaƙi ta ƙofar baya idan robarta ta tsufa, gubar da ke cikinsa kuwa ba ta da wari, kuma yara ne ke zama a kujerar can baya. Bayan an gama, a koma wurin mai kafireto ya sake saita ta da sabuwar salansar.