Kafin ka fasa bangon tsohon gida: katako, ƙarfe ko alminiyam?

Duk wanda ya gaji soron ƙasa a cikin birnin Kano ko Zariya, ba ya daɗewa sai duhun ɗakunan ya sa shi tunanin ƙara taga. Kafin ka kira mai walda, leƙa Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Bango ne mai kauri, kafar haske kuma kaɗan ce. Magina na da sun san bangon tubali yana shanye zafin rana ya hana shi shiga ɗaki. Ka buɗa masa babban rami, sanyin nan ya tafi, ƙurar hunturu ta samu hanya.

Tagar alminiyam mai zamewa ita ake yayi. Gara ba ta cin ta, ba ta tsatsa, tana tare ƙura. Sai dai rabinta kaɗai ke buɗuwa, kuma an yi ta ne don ginin bulo. Mai sakawa zai ce sai an zagaye ta da siminti, alhali siminti da jar ƙasa ba sa kama juna. Damina ɗaya ko biyu, tsaga ta fito a mahaɗarsu, ruwa ya kwanta a bayan simintin, bango ya riƙa zagwanyewa ta ciki.

Ta ƙarfe maganin ɓarawo ce, amma ga nauyi, ga zafi da bazara, ga tsatsa in ba a bin ta da fenti.

Ni dai katako zan zaɓa, busasshe kamar maɗaci, da murfi biyu da ragar sauro. Bai kai ƙarfe nauyi ba, ana iya liƙe gefensa da ƙasar ginin, kafinta na unguwa ma ya gyara shi. Lahaninsa gara, don haka a shafe shi da magani kafin a kafa.

Ko wacce ka ɗauka, tambayi magini abin da zai ɗauki nauyin bangon da ke samanta. Wannan aikin azarar giginya ne, kuma sai ta shige bango sosai dama da hagu. In da hali a guji bangon gabas, ta can hadari ke bugowa. Aikin kuma a bari sai rani.