Hannun roba ko hannun mutum: a wanne za ki koyi ɗibar jini?

Ƙanwata, kin ce saura makonni ki fara sitaj, wato koyon aiki a asibiti, hannun roba ɗaya ne tal ga ajinku duka, shi ya sa ƙawayenki suka ce ku riƙa gwadawa a hannun juna a ɗaki. Kina son sanin wanne ya fi. Gaskiya ba abu ɗaya suke koyarwa ba.

Hannun roba tsari yake koya miki. A kansa za ki maimaita har hannunki ya haddace: wanke hannu, safar hannu, ɗaure garo (igiyar matse hannu don jijiya ta fito) kamar yatsu huɗu sama da wurin sukar, goge fata da alkol mai kashi 70, ki bar shi ya bushe kamar daƙiƙa 30, ki shiga da allura a kwance, bakinta na kallon sama. Ki kwance garo kafin ki zare allurar. Sai babbar magana, wadda saboda ita nake son robar nan: allura ta fita, ta wuce kai tsaye cikin kwalin allurai, ba a mayar mata da murfi. Na ga ɗalibar da ta samu jijiya da sukar farko, tana murna, ta ɗauki murfi da hagu za ta rufe, allurar ta shige mata babban yatsa. Ranar ba ta ci abinci ba. In jinin mai ciwon hanta nau'in B ne, kuma ba ki yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa na iya kai kashi 30 cikin 100. Na sida kusan 0.3 ne, amma wa zai so ya kwana da wannan lissafin?

Sai dai roba ba ta jin tsoro, ba ta fizge hannu, jijiyarta a miƙe take kamar tiyo, ga tabon sukar waɗanda suka riga ki yana nuna miki hanya. Hannun mutum kuwa, musamman fatarmu, da yatsa ake neman jijiyarsa, ba da ido ba. Ki taɓa lanƙwasar gwiwar hannu, ki ji abin da ke lotsawa yana dawowa. In yana bugawa, ki bar shi, ba ita ba ce. Ki zo ki ga dattijon da ya taso daga ƙauyen Mirriya cikin zafin Afrilu da azumi a bakinsa: jijiyar ta lafe, sai haƙuri da lallashi. Wannan roba ba za ta taɓa nuna miki ba.

To amma sukar juna a ɗaki ban yarda da ita ba, ko kaɗan. Babu kwalin allurai, babu mai gyara miki riƙo, kuma in wata ta soke kanta da dare, wa zai kai ta a fara mata maganin kariya daga sida, wanda ake so cikin sa'o'in farko, kada ya wuce sa'o'i 72? Ku yi amfani da hannun juna ba tare da allura ba: ku ɗaura garo, ku lalubo jijiya ido rufe, ku kwance kafin minti ɗaya ya cika. Hannu ashirin daban-daban za su koya wa yatsanki abu mai yawa.

Sukar farko a jikin mutum ki bari sai majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, na tsaye a kanki, ko a Babban Asibitin Zinder aka tura ki ko a CSI, ƙaramar cibiyar lafiya. Ki tambayi maras lafiya sunansa da bakinsa, ki rubuta a kwalbar tun kina gabansa. In kin gwada sau biyu ba ki samu ba, ki kira na gaba da ke, kuma jarirai ba naki ba ne tukuna. Kafin ranar, don Allah ki je ki fara rigakafin ciwon hanta, allura 3 ce, kuma tana ɗaukar watanni kafin ta cika.