Feshin fambel: yana kashe ƙara, amma bai gyara komai ba

Gwangwanin feshin da aka rubuta wa Belt Dressing ba ya wuyar samu a shagunan kayan mota, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna. Masu sayarwa kan ce da an fesa, kukan bel, wato ɗamarar robar da ke juya na'urorin gaban injin, ya ɗauke. Yana ɗaukewa kuwa, sai dai ba ya daɗewa. Abin da ke ciki ruwa ne mai danƙo da ke sa bel ya kama fuli, wato ƙarfen da'irar da bel ke zagayawa a kansa. A tsohuwar mota mai siririn bel irin Fijo 504, idan bel ɗin ya bushe ya yi santsi, feshin zai iya kai mutum gareji. Iyakar amfaninsa ke nan.

Motocin da suka cika titi yanzu, irin su Corolla da Camry, faffaɗan bel ne da su mai layi-layi, akasari na wata irin roba da ake kira EPDM. Kamfanin Gates, wanda ke ƙera irin wannan bel, shi da kansa ya hana a fesa masa komai. Danƙon yana kwasar ƙura, balle da hunturu, ta cushe ramukan fuli, bel ya daina zama daidai, ƙarar ta dawo fiye da da. Sabulu, kyandir, baƙin mai da man birki da wasu yaran gareji ke shafawa su ma ɓarna suke yi, domin suna sa bel santsi, baƙin mai kuma yana cin roba.

Ruwa a gorar feshi ya fi wannan gwangwani amfani, don shi yana faɗa maka inda ciwon yake. A tada injin, a ja hambirki, a naɗe hannun riga, a nesanta yatsu da fanka, sai a fesa ruwa kaɗan a gefen bel mai layi. Idan ƙarar ta ƙaru, bel ne ya saki yana zamewa. Idan ta yi shiru na 'yan daƙiƙu ta dawo, galibi wani fuli ne ya karkace daga layi. Idan ko gezau ba ta yi ba, a zargi boris, zoben ƙarfe mai ƙwallaye da fuli ke juyawa a kansa: na altanato mai cajin batir, na famfon ruwa, ko na tenshina mai matse bel. Kukan da ke tashi da sanyin safiya, ko da an kunna AC, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe, shi ma alamar sakin bel ne.

A motar da ake ɗaure bel da hannu, aikin gida ne: a kashe injin, a sassauta notin altanato, a ja shi baya a ɗaure, har ya zama idan an danna tsakiyar bel da babban yatsa bai lotsa fiye da kamar santimita 1 ba. Kada a matse shi tamau, boris ne zai biya. Wajen sayen sabo a duba lambar jikin tsohon: 6PK na nufin layi 6, lambar da ke biye kuma tsawonsa ne a milimita. A ɗauki hoton yadda ya zagaya fulolin kafin a cire. Bel na EPDM ba ya yawan tsattsagewa, layukansa ne ke cinyewa, don haka kyan gani ba shaidar lafiya ba ce.

Tenshina mai rawa, fuli mai girgiɗi, ruwan lagireto ko mai da ke ɗiga kan bel, duk na bakanike ne. Haka ƙarar da ke fitowa daga bayan murfin taimin, inda bel ko sarƙar cikin injin take. Idan kuma sai an taka birki take tashi, bel ba shi da laifi: ɗan ƙarfen gargaɗi ne ke gogar farantin birki saboda fad ɗin da ke matse shi ya kusa ƙarewa, saura milimita 2 zuwa 3. In ta koma gurzar ƙarfe da ƙarfe, a ajiye motar.

Mai tsohuwar mota da ke doguwar tafiya zai iya jefa gwangwani ɗaya a but saboda ko-ta-kwana. Mai faffaɗan bel kuwa ya haɗa kuɗin feshin ya sayi bel na Bando, Mitsuboshi ko Gates, a duba masa tenshina rana ɗaya, domin a yawancin motocin nan idan bel ya tsinke a hanya, caji da famfon ruwa tare suke tsayawa.