Fim kan mutum ɗaya mai halaye da yawa: wanne za ka sa a tura maka?

Duk wanda ya saba zuwa wurin masu tura fim a Garwa ko Marwa ya san yadda ake yi. Ka ce kana son wanda jarumin yake rikiɗa ya koma wani mutum, yaro ya cika maka mamori da duk abin da hannunsa ya kai. To finafinan nan ba ɗaya ba ne. Wasu na kashe dare ne kawai, wasu kuwa za su taimaki mai ɗan'uwa da ake cewa "mutanensa sun zo", alhali wataƙila ciwo ne da likita ya san shi.

Ciwon shi ne rarrabuwar hali, likitocinmu masu Faransanci suna taƙaita shi da TDI. Mutum ɗaya ne, amma yana da hali biyu ko fiye da suke karɓar ragamarsa bi da bi, kuma sai ya rasa tuna abin da ya yi tsakani. Mafi yawan masu shi sun sha azaba ko cin zarafi tun suna ƙanana. Babu ƙwayar da ke warkar da shi, zama ne da likitan ƙwaƙwalwa ana magana, sau da yawa shekara da shekaru. Kuma haɗarinsu ya fi yawa a kan kansu: kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na masu zuwa asibiti da shi sun taɓa yunƙurin kashe kansu. Da wannan zan auna kowane fim: ya nuna mafarin ciwon? Ya nuna mantuwar? Ya mai da maras lafiya dodo?

Split na 2016 shi za a fara miƙo maka. James McAvoy ya fito a mutum mai halaye 23, na 24 kuma wani dodo ne mai hawa bango wanda harsashi ba ya kayar da shi. Wasan ya yi kyau, ba musu, tsoro kuma akwai shi. Amma labarin mai sace 'yan mata ne, kuma babu ciwon da ke sa fatar mutum ta ƙi harsashi. In tsoro kake nema, saya. In a gidanku akwai mai fama da ciwon ƙwaƙwalwa ko wane iri, kada ka kunna shi a gaban yara, don daga ranar za su fara gudunsa.

Anniyan na 2005, wanda aka mayar Hindi da sunan Aparichit, shi ne na masu son Indiya. Vikram ya fito a mutum uku: Ambi lauya mai bin doka sau da ƙafa, Remo ɗan gayu, da Anniyan mai kashe masu ha'inci. Ya ɗan taɓo mafari, wato mutuwar ƙanwarsa saboda sakacin ma'aikata. Sauran kuwa waƙa ce da faɗa na wajen awa uku. Daɗin kallo ne da shi, ba ilimi ba. Deewangee na 2002 ma haka, ya ma fi muni ta wannan fuska, domin Ajay Devgn ƙaryar ciwon ya yi don ya kuɓuta daga shari'a, mai kallo kuma sai ya tashi da zaton duk masu shi 'yan wasa ne.

Inda nake so a tsaya shi ne Bhool Bhulaiyaa na 2007. Amarya Avni, wato Vidya Balan, ta tare a tsohon gidan sarauta, ta buɗe ɗakin da aka hana buɗewa, sai aka fara jin rawa da dare, kaya suna fashewa. Dangi suka ce ruhin Manjulika ne, wata mai rawa da ta mutu tun zamanin da. Aka kira likitan ƙwaƙwalwa, Akshay Kumar, ya bi sawun yarintar Avni har garinsu, ya gano ita ce take komawa Manjulika ba tare da ta sani ba. Wannan gardamar tamu ce sak: goggo ta ce iska ce a kira malam ya yi ruƙiyya, ɗan boko ya ce a tafi asibiti. Abin da ya burge ni, likitan bai raina malamin gidan ba, tare suka yi aiki. Kundin nan na 2013 shi ma ya yarda cewa ciwon kan zo da kamannin shigar aljanu, sai dai bai lissafa hawan da mutane suka yarda da shi a al'adarsu ba, irin na 'yan bori, muddin bai zo wa mutum bisa dole yana ɓata masa rayuwa ba.

Aibin fim ɗin a ƙarshe yake. An shirya mata mutum-mutumi ta sare shi a matsayin sarkin da Manjulika take neman fansa a kansa, shi ke nan ta warke a dare ɗaya. Ba haka ake warkewa ba, kada kowa ya gwada a gida. Sannan ka faɗa wa mai turi a fili cewa na farko kake so, na Akshay. Na biyu na 2022 labarin fatalwa ne zalla. In kuma ka samu da fassarar Hausa, ka tuna masu fassara sukan zuba barkwanci a daidai inda likita ke bayani.

Sybil na 1976 shi ne mai nauyi. Sally Field ce mace mai halaye 16, fim ɗin ya haura awa uku, kusan duka zama ne tsakaninta da likitarta. Babu wanda ya kai shi nuna mantuwa: ta farfaɗo a wuri ba ta san yadda ta zo ba, kwanaki sun ɓace mata. Ya nuna azabar da uwarta ta ba ta, shi ya sa ba na yara ba ne. Amma akwai tabo. An ɗauko shi daga littafin Flora Schreiber na 1973, kuma a 2011 'yar jarida Debbie Nathan ta fitar da bincike cewa likitar, Cornelia Wilbur, ta yi ta ɗura wa matar magunguna tana cusa mata tunani, har ita maras lafiyar, Shirley Mason, ta taɓa rubuta wasiƙa cewa ƙirƙira ta yi. Har yau likitoci suna ja-in-ja kan yawan masu ciwon, kuma wannan labari na cikin dalilai. Ka kalle shi a matsayin wasa mai kyau, ba tarihi ba.

Moon Knight na 2022 kashi shida ne, zai ci maka data in da MTN ko Orange za ka sauke, gara a tura maka. Kashi na biyar, inda yaro ya ƙirƙiro wani hali don ya jure dukan uwarsa bayan mutuwar ƙanensa, ya fi Split gaba ɗaya gaskiya. Sai dai labarin cike yake da gumakan tsohuwar Masar, wani gidan ba za a so ba.

In ɗaya kuɗinka ya isa, kuma iyali za su kalla tare, ɗauki Bhool Bhulaiyaa na farko, ka tsayar da shi kafin ƙarshe ku yi magana. Malamin makaranta ko ma'aikacin jinya ya nemi Sybil. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa a cikin waɗannan alamomi, musamman ɓacewar lokaci da maganar kashe kai, ya fara da babban asibitin lardi ya nemi ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi asibitin Jamot a Yawunde.