Gargaɗi: ku kula da mai farar motar nan mai tallan maganin suga a Gombe

Jama'ar Gombe, musamman masu bi ta Tashar Dukku da Babbar Kasuwa, don Allah ku tsaya ku karanta. Akwai wani mai farar mota da lasifika a samanta, yana tallan wani baƙin ruwa a gorar roba, wai saiwoyi ne zalla. Suga, hawan jini, basir, sanyi, olsa, taifot, duk gora ɗaya. Naira 7,000, in ka taya ya sallama a 5,000, wai saboda Allah.

Goggona ce ta faɗa hannunsa. Shekara 9 tana da suga, tana shan ƙwayarta, lafiya lau. Ya ce mata maganin Bature lallaɓa cuta kawai yake yi, nasa kuwa tumɓuke ta yake tun daga saiwa, amma da sharaɗin ta ajiye na asibiti. Ta ajiye, ba ta gaya wa kowa ba.

Da farko sai murna. Ciwon gwiwa ya ɗauke, cin abinci ya buɗe, kumatu suka cika, har jikokinta na tsokanarta da amarya. Ashe kumburi ne. Sai ƙishirwa, sai fitsari dare da rana, sai ɗan ciwo a yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Da muka kai ta asibiti, likita na kallon fuskarta ya ce, "Mama, me kuke sha a gida?" Ya ce alamun nan irin na ƙwayoyi ne kamar dexamethasone: suna ɓoye ciwo, su kumbura fuska, su harba suga sama. Kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa lokaci ɗaya, sai a hankali a hannun likita. Da na koma gida na ɗaga gorar a hasken rana, ga farin gari nan kwance a gindinta kamar ƙullun kamu.

Kada wani ya ce ina zagin maganin gargajiya. Da sabara da maɗaci aka raine ni. Maganin maleriyar da asibiti ke bayarwa yau ma daga tazargade aka samo asalinsa, har 'yar ƙasar Sin ɗin da ta gano shi, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma fa sai da aka gwada shi, aka san adadin da ake sha. Wannan mutumin cewa yake "kofi ɗaya safe da yamma", kowane irin kofi.

Zai nuna muku wata lamba ya ce ta NAFDAC ce. Ko da ta gaske ce, lambar maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe tana nufin an duba ba ya cutarwa ne, ba wai hukumar ta shaida yana warkarwa ba. Tasa kuwa na neme ta a manhajar Greenbook ta hukumar, babu. Gorar ba adireshi, ba ranar lalacewa, lambar wayar da ke jiki a kashe take tun da Goggo ta kwanta.

Na ji an ce ya fara bin ranakun kasuwa ta wajen Kumo. Duk wanda ya gan shi ya ɗauki hoton gorar da lambar motar, ya kai ofishin NAFDAC na Gombe. Ku kuma leƙa ƙarƙashin gadon iyayenku mata, can na samu gora 3 a ɗakin Goggo, biyu babu komai a ciki.